Jembe ta roba mai noti: ganga ce ko kwaikwayon ganga?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Ina so in sayi jembe ta farko, kuma hankalina ya karkata ga irin ta roba wadda ake ɗaure fatarta da noti da sufana. Sai wani ya ce mini wannan ba jembe ba ce, duk wanda ya fara koyo da ita hannunsa lalacewa zai yi. Don Allah manya, me kuka gani?

Tsohon Makaɗi: Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Jembe gangar Mandinka ce, ta ƙasashen Mali da Gini, a al'adance maƙera suke sassaƙa ta daga gungume guda na itace mai tauri, irin su kawo, maɗaci, madobiya ko ƙirya, a rufa mata fatar akuya, a ja da igiya. Da wannan gangar ce ƙungiyar raye-raye ta Les Ballets Africains ta Fodéba Keïta ta zaga duniya a shekarun 1950, a kanta Famoudou Konaté da marigayi Mamady Keïta suka yi suna. Amo uku gare ta: na tsakiya mai zurfi, na baki, sai mari. Fatar akuya ba ta rufa wa kowa asiri, in marinka bai fita ba za ka ji nan take. Roba kuwa ko yaya ka taɓa ta sai ta yi ƙara, ka ɗauka ka iya.

Malamar Yara: Baba, ina girmama ka, amma ban yarda ba. Ni yara nake koyarwa, ganga ɗaya hannu da yawa. Fatar akuya da ta ji danshi sai ta saki, amon ya mutu. Zafi da bushewa su zo, ta ɗame har ta kai ga tsagewa, wani lokacin ma tana ajiye babu wanda ya taɓa ta. Mai koyo bai san ko hannunsa ne ya yi kuskure ko fatar ce ta saki ba, a nan ne da yawa suke yanke ƙauna su bari. Ta roba yadda ka bar ta jiya haka za ka tarar da ita yau. In ta ɗan sauka, sufana ce kawai. Yaron da ya samu ganga mai tsayayyen amo kullum ya fi saurin gane bambancin amon baki da mari.

Tsohon Makaɗi: Malama, jan igiyar nan da kike gudu ai shi ma karatu ne. Wanda bai iya ɗaure gangarsa ba bai gama saninta ba.

Mai Gyaran Ganga: Baba, a ba ni dama in sa baki, don duka biyun suna zuwa hannuna. Igiyar da muke kira ta gargajiya ita ma fa ta roba ce, zobban da ke riƙe fatar kuma na ƙarfe ne. Wannan tsarin a wajajen shekarun 1970 ya bazu. Kafin nan da murɗaɗɗiyar fatar shanu ake ɗaurewa, in za a yi wasa a kara gangar kusa da wuta ta ɗame. Manyan makaɗan da ka ambata sun ga sabon ɗauri ya fi riƙe fata, suka karɓe shi. Saboda haka noti ba shi ne canji na farko da jembe ta gani ba.

Maganar lalacewar hannu kuma akwai ta, sai dai ba roba ce ke jawo ta ba. Abu biyu ne. Na farko girma: ana cika sayar wa masu koyo 'yar ƙarama mai faɗin inci 8 ko 10, tafin babban mutum ya rufe ta gaba ɗaya, babu inda zai raba tsakiya da baki. Babba ya nemi inci 12 zuwa 14, tsayi wajen santimita 60, yadda zai matse ta da gwiwa yana zaune ya ɗan karkata ta gindin ya buɗe. Na biyu zoben ƙarfen da notocin ke ja. A wasu gangunan yana zaune dab da baki, duk marin da ka yi ƙashin tafinka ya daki ƙarfe, sai ka fara janye hannu kana kiɗa da kan yatsu. Wannan ɗabi'ar ce take wuyar bari. Ƙanena, ka shafa bakin da hannunka kafin ka saya, zoben ya kasance ya sauka ƙasa sosai, bakin kuma a zagaye yake ba kaifi. Ka zauna da ita ka ji ko notocin suna sukar cinya.

Mai Ɗaukar Sauti: Ni a wajen amo ina bayan Baba, ko da yake ba duka ba. Amon tsakiya daga siffar jikin gangar yake fitowa, wato girman cikin da faɗin maƙogwaron, inda gangar ta tsuke a tsakiya, shi ya sa jembe ta roba mai kyakkyawar ƙira take ba da shi da ƙarfi. Matsalar tana sama. Fatar roba tana da wata 'yar tsuwwa da ke jan lokaci bayan an buga, kamar an ƙwanƙwasa kwano, makirfo kuma ba ya ɓoye ta. Fatar akuya amonta a bushe yake, ya fita ya tsaya. Ana rage wannan da ɗan soso ko tef a manna ta ciki, yana taimakawa, amma bai mai da ita akuya ba.

Malamar Yara: Yaya, wanda yake tambaya ba faifai zai ɗauka ba, koyo zai yi. Kuma fatun ba ɗaya ba ne. Kamfanin Remo tun 1957 yake yin fatar ganga ta roba, irin su Fiberskyn da Skyndeep an yi su ne don su kusanci fatar dabba, jikin gangarsu kuma na Acousticon ne, zaren itace da aka matse. Kamfanonin Toca da Meinl suna da na roba marasa nauyi, wasu da noti wasu da igiya. Jembe ta itace cikakkiya tana iya haura kilo 10, ga mai yawo da ita wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan itacen ma yana ƙarewa: tun 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe saboda yawan sara.

Tsohon Makaɗi: Ba masu sassaƙa ganga suka cinye madobiya ba, masu fitar da katako ne. Kuma duk wanda ya sayi ta masana'anta, wani masassaƙi a Gini ko Mali ya rasa ciniki, wannan yana damuna ƙwarai. Abin da zan sassauta a kai shi ne: ta roba mai cikakken girma ta fi jembe ta itace marar kyau, irin wadda ake yi don ado, mai laushin itace da cikin da ba a rarake daidai ba. Amma ɗana, in ka fara da roba, ka riƙa neman ta akuya kana gwada marinka a kai lokaci-lokaci. In ya fita a can, ka iya.

Sabon Shiga: Na gode Baba, na gode Malama. To in na ɗauki mai noti, yaya ake ɗaure ta kada in ɓata?

Mai Gyaran Ganga: Kada ka bi notocin a jere kana ƙulle kowanne har ƙarshe. Ka juya ɗaya kwata, ka tsallaka ga wanda ke fuskantarsa, haka har ka zagaye, sannan ka ƙwanƙwasa da yatsa kusa da kowane noti ka ji amon ya zo ɗaya. In marin ya fita tas ka tsaya, ƙari yana lanƙwasa zobe ko ya cinye zaren notin. Kuma kafin ka biya, ka tambaya ko ana samun fatar canji ta wannan samfurin da wannan girman, don fatar wani kamfani sau da yawa ba ta hawa gangar wani. Kada ka bar ta cikin mota a rana, roba ma zafi yana taɓa ta.

Mai Ɗaukar Sauti: Ka kuma sa wani ya buga ta kai kana nesa kaɗan. Tsuwwar da na faɗa daga can ake jin ta sosai.