Baƙin tabo a dunduniyar Innarmu, don Allah ku ba ni shawara

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Wata biyu da suka wuce muka je ƙauye bikin autarmu. Ni ban ma yi niyyar kwana ba saboda abin da ya shiga tsakanina da matar Yaya tun ranar kawo lefe, ita ce ta ce na raina abincin da ta yi wa baƙi, Allah ya sani ban ce komai ba, har yau ba ta ɗaga wayata. Inna ce ta rantsar da ni na zauna. Daren ƙunshi ina sa mata lalle na ɗago ƙafarta ta hagu, sai ga baƙin tabo a dunduniya, gefensa kamar tawada ta zube, wani wurin baƙi wuluk wani wurin ruwan ƙasa. Ta ce ƙaya ta taka, ba ya mata ciwo. Na shafe shi da lallen. Jiya ƙanwata ta kira ta ce wurin ya fashe, jini na ɓata mata silifa. Inna wuni take a gona ba takalmi. Rana ce ta ƙona ta? In sayo man kariyar rana? Ban runtsa ba jiya.

Hajiya Babba: 'Yata, daji ne wannan, kuma daji ba ya son ƙarfe. Kada ki bari allura ko wuƙa ta taɓa shi. A nemi mai maganin gargajiya ya ba da na shafawa da na sha.

Anti Nas: Ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ba mai iya yanke hukunci ta waya, amma tabo mai launi biyu, gefe ba daidai ba, ya kuma fara jini, ba a jira da shi. Akwai sankarar fata da ake kira melanoma. A jikin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta ma bugu, don haka mai ba zai yi komai ba. Rashin ciwo ba shaida ba ce, da fari ba ta ciwo. A kai ta asibitin koyarwa wurin likitan fata ko na tiyata, a ɗebi naman wurin a gwada. Faɗinsa ya wuce milimita 6, wato kamar ƙwayar wake? Tana da kaluluwa a matsematsin wannan ƙafar?

Maman Ikram: Man kariyar rana ni za a tambaya. 'Yata zabiya ce, duk bayan awa biyu sai na sake shafa mata mai ƙarfin kariya SPF 50, har bayan ƙafa da kunne, ga malafa ga dogon hannu. Kuɗin kwalba ɗaya sai ya ci cefanen mako. Babanta ya ce almubazzaranci ne, danginsa kuma cewa suke daga wajenmu aka kwaso. Makaranta na roƙa a daina tsayar da ita a fili da rana, har yau shiru.

Hajiya Babba: Maƙwabciyata aka yanka mata yatsa, ba ta shekara ba. Da idona na gani. Ku 'yan boko komai yanka.

Anti Nas: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Galibi jinkiri ne ke kashewa, sai ya bazu ake kawo mana. In aka cire shi yana sama-sama, mafi yawa suna warkewa.

Abban Sadik: Mawaƙi Bob Marley ma a 1977 aka ga nasa a babban yatsan ƙafa, an ɗauka ciwon ƙwallo ne. Ya ƙi a cire yatsan, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Amma a duba suga ma, mahaifina gyambon ƙafarsa daga nan ne.

Ɓoyayyiya: Na gode. Amma ku fahimce ni, ba sakaci na yi ba. Ita ta ce ƙaya ce, ni zan ƙaryata uwata? Kuma yanzu kaka ce, ba za ta bar gyaɗarta a ƙasa ta biyo ni birni ba. Kuɗin mota da na gwaji Yaya ne zai bayar, kun kuma ji yadda muke da gidansa. Na ce ko a fara na Hajiya zuwa bayan girbi.

Hajiya Babba: Yawwa 'yar albarka. Ki yi mini magana ta ciki. A hana ta cin nama da kifi.

Anti Nas: Don Allah kar a shafa komai mai ci a wurin, kuma kar wanzami ya taɓa. A wanke, a rufe da bandeji mai tsabta, a daina lalle don likita ya ga launin. Ki kira Yayanki kai tsaye yau. Ba ki amsa mini maganar kaluluwa ba.

Maman Ikram: Wai akwai wanda ya san inda ake raba wa zabiya man nan kyauta a Kano?

Ɓoyayyiya: Anti ban tambaya ba, Inna ba ta son a yi mata irin wannan maganar. Zan ga yadda za a yi in ƙanwata ta samu caji.