Dala 15,000 da Amurka ta ware wa 'yan gudun hijira a 1794

Baban Hafsat: Salamu alaikum. Jiya a majalisarmu ta bayan la'asar an ƙaryata ni a gaban yara, har yanzu abin na ci mini rai. Cewa na yi tun 1794 gwamnatin Amurka ta taɓa ciro kuɗi daga baitulmali don 'yan gudun hijira. Mutanen San Domingo ne, Haiti ta yau, da suka tsere bayan an ƙone birnin Cap-Français a 1793, suka sauka Baltimore da Filadelfiya, wasu daga su sai kayan jikinsu. Majalisar dokokin Amurka ta ware dala 15,000, shugaban ƙasa George Washington ya sa hannu a watan Fabrairu, rabon yana hannunsa, kuma doka ta ce a rubuta lissafin abin da aka kashe. Ina ƙaryar take?

Malam na Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Alhaji, kalmar hijira ce ban yarda da ita ba. Da yawansu masu gonakin rake ne da bayinsu suka yi musu tawaye tun 1791. Wanda ya gudu daga hannun mutanen da ya zalunta, gudu ya yi kawai.

Ummu Sadik: Malam, a gafarce ni, ai ba iyayengiji kaɗai ke cikin jiragen ba. Akwai mata da jarirai, akwai baƙaƙe 'yantattu, akwai bayin da aka taso ƙeyarsu.

Malam na Ƙofar Mata: To kin kawo hujjata, Hajiya. Bawan da aka jefa jirgi dole, da wace niyya ya yi hijira? Hijira sai da niyya.

Ɗan Damagaram: Malam, gidajen rediyo kullum "'yan gudun hijira" suke cewa, ba ka taɓa kai musu ƙara ba. Yau don Alhaji ne ya faɗa?

Malam na Ƙofar Mata: Yaro, ni ba sa'anka ba ne. Ka fara koyon gaisuwa.

Ɗan Damagaram: Allah ya huci zuciyarka, amma girma ba hujja ba ne.

Lauya: Kun bar jaki kuna dukan taiki. James Madison, ɗan majalisar dokoki a lokacin, ya tashi ya ce bai ga inda tsarin mulki ya ba su ikon yin alheri da kuɗin masu zaɓensu ba. Mafitar da aka samu ita ce a cire kuɗin daga bashin da Faransa ke bin Amurka tun yaƙin neman 'yanci. Wannan ya kamata mu tattauna.

Ummu Sadik: Barista, ka bari tukuna, sai an janye kalmar "yaro". Mutumin nan 'ya'yansa uku.

Baban Hafsat: Jama'a, ni tambayata ɗaya ce, na yi ƙarya ko ban yi ba?

Shugaban zaure: Na rufe nan. Abin da aka tsayar: Malam ya yi gaskiya, masu bayi ba su cancanci sunan hijira ba, kuma ba wanda ya iya karya maganarsa. Ni ɗalibinsa ne shekara tara, na san ba ya magana sai da ilimi. Ɗan Damagaram zai ba shi haƙuri kafin isha'i. Zancen dala 15,000 kuwa, Alhaji ya sake kawo shi ranar Asabar.