Wace irin riga zan saya wa tab ɗin yara, ta silikon ko mai kumfar nan?

Maman_Ilham:

Slm 'yan uwa, don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kayan waya. Babansu ya sayo wa yara tab satin da ya wuce, Samsung Galaxy Tab A9+ ce mai inci 11, saboda haddar Islamiyya da kuma ɗan darasin boko da ake turo musu, to wlh tun da aka kawo ta tana saman wardirob a kwalinta ban bari kowa ya taɓa ba, har babbar ta fara fushi da ni wai an saya musu abu na hana. Ni kuma tsoro nake ji, don wadda muke da ita a baya autana ne ɗan shekara uku ya janyo ta daga kan kujera ta sauka a tayil ta kusurwa, gilashin ya tsage kamar yanar gizo-gizo, kuɗin da aka ce mu kawo na canjin sikirin ya kusa sayen wata ta hannu, haka muka haƙura da ita.

To yanzu riga nake so in saya mata, na leƙa onlayin kaina ya ɗaure, akwai ta silikon mai laushi, akwai wata garai-garai da ake ganin bayan tab ɗin ta ciki, akwai mai kauri kamar soson takalmi mai hannun riƙewa, ga kuma mai murfi kamar littafi. Ni dai ta silikon ɗin ce ta kwanta min a rai don na ga ba ta da santsi. Tana kare faɗuwa da gaske ko kwalliya ce kawai? Kuma me zan duba kada a haɗa ni da wadda ba ta dace ba? A Kano nake.

Baffa_MaiGyara:

Wa'alaikumussalam Hajiya. Gyaran waya ne sana'ata, to bari in faɗa miki abin da nake gani a kan tebur ɗina.

Abu na farko kada ki je kasuwa ki ce a ba ki rigar tab mai inci 11, nan ne mutane ke faɗawa rami. Inci ɗin nan awon sikirin ne kawai daga kusurwa zuwa kusurwa, bai ce komai ba a kan inda kyamara take ko sifika ko maɓallin ƙara murya. Ki shiga Settings ki gangara ƙasa wajen About tablet za ki ga lambar model, taku za ta fara da SM-X210 in mai Wi-Fi ce zalla, X215 ko X216 in mai layi ce, duk jikinsu ɗaya ne. Amma Tab A8 mai inci 10.5, wato X200 da X205, wata aba ce daban, kuma sau da yawa ita ake miƙo wa mutum a ce ai roba ce za ta buɗe. E za ta buɗe ɗin, amma a ɗame za ta zauna, ramin kyamara ya karkace, maɓalli ya ƙi dannuwa sai an sa ƙarfi, bayan wata biyu ta saki ta zama kamar tsohon silifa. In da hali ki tafi da tab ɗin Farm Centre ko Beirut Road a saka a gabanki, ba a sayen takalmi sai da ƙafa.

Na biyu, kusurwa. Kusan duk tab ɗin da ake kawo min a fashe ta kusurwa ta sauka kamar dai yadda taku ta yi, da wuya ta faɗi ta baya shimfiɗe. Don haka ki bar kallon kyan bayan rigar, ki matsa kusurwoyin nan huɗu da yatsa, in kin ji tudu da kauri kamar an cusa wani abu a ciki to madalla, in kuma sirara ce kamar ledar fiya wata ki ajiye musu kayansu. Sannan bakin rigar ya ɗan ɗara sikirin tsawo, ki kifa tab ɗin a kan kanta ki leƙa ta gefe, gilashin bai kamata ya taɓa kantar ba.

Silikon ɗin gaskiya yana da laushi, ba ya ƙyalli, yana kama hannu kuma ba shi da warin roba mai hawa kai. Wancan garai-garai ɗin da kika gani yawanci wata irin roba ce da ake ce wa TPU, ya fi tauri kuma ba ya saurin sakin jiki, amma da kaɗan-kaɗan sai ya koma ruwan ɗorawa kamar tsohuwar jarkar mai, kuma wanki ba ya mayar da shi. Mai murfi kamar littafi kuwa ki bar wa manya, yaro buɗe murfin yake ya riƙe tab ɗin da shi, ranar da ta suɓuce sikirin a buɗe yake.

Ki kuma tafi da cajarki. Wasu rigunan ramin cajinsu ƙarami ne, kan kebur mai ƙiba ba ya shiga har ƙarshe, sai yara su dinga turawa suna lanƙwasawa har bakin cajin ya lalace, wannan aikin kam ina samunsa sosai. A9+ sifika huɗu gare ta da ramin iyafis, ki ƙirga ramukan su cika.

Ummu_Sultan:

Anti ni dai ga ɗan shekara uku mai kumfar nan zan ce ki saya, wato mai kauri kamar soson takalmin da kika gani, EVA suke ce mata. Na fara da silikon baƙa mai kyau wlh, a hannu kamar fatar jariri, amma da hunturu ya shigo sai na raina kaina, ƙura da gashin bargo da zaren dadduma duk sai su manne mata, in kika goge da tsumma ma ƙara kwasa take, baƙar riga ta koma ruwan toka. Sai dai in cire in wanke da ruwan ɗumi da sabulu in shanya a inuwa, to cirewa da mayarwan nan kuma shi ya sa bakinta ya saki, ƙarshe Sultan da kansa yake zare kusurwa ɗaya yana taunawa. In dai silikon ɗin kike so ki ɗauki shuɗiya ko ja, kada ki kuskura ki ɗauki baƙa ko fara.

Mai kumfar ba ta da kyan gani ko kaɗan, ƙatuwa ce ba ta shiga jakar hannu, amma ba ta da nauyi, kuma hannun nata ana lanƙwasa shi ya zama abin jingina sai su ajiye a kan tabarma suna bin karatu. Sau nawa ta faɗo daga kan gado ban ƙirga ba, tsalle kawai take yi. Aibinta ɗaya, in yaronki mai cizo ne haƙori yana fitowa a jikinta har ya gutsiro, sai kin sa ido kada ya haɗiye.

DanMaradi:

Duk kun yi magana mai kyau amma ba wanda ya taɓo zahi. Hajiya ƙasarmu ba Turai ba ce, Kano da Maraɗi a watan Afrilu ana haura digiri 40, alhali Apple da kansu sun rubuta a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 zuwa 35. Bayan tab ɗin nan ƙarfe ne, ta nan take fitar da zahinta, in kika lulluɓe shi da roba mai kauri kamar kin sa ma mutum bargo ne da azahar. Ni iPad gare ni ina aiki da ita a shago, na taɓa sa mata irin mai kaurin nan ina caji ina kallo lokaci guda, sai ga saƙo ta ce sai ta huce kafin in ci gaba. Tun daga nan in zan yi caji da rana sai in zare rigar. Batir ba ya son zahi, shi ke sa ya riƙa saurin ƙarewa har wani ya kumbura ya ɗaga sikirin.

Kuma maganar Malam Baffa ta model gaskiya ce, ga masu iPad ma haka ne, ta 7 da ta 8 da ta 9 masu inci 10.2 riga ɗaya suke sawa, amma ta 10 da ta fito a 2022 inci 10.9 ce, bakin cajinta USB-C, wurin sa yatsa ya koma maɓallin sama, in riga ta rufe maɓallin nan shi ke nan ba buɗewa da yatsa.

Sadeeq_09:

Hhhh Hajiya duk rigar da za ki saya in dai auta ne sai ya gwada ƙarfinta. Namu a bokitin wanki ya tsoma, riga na nan lafiya lau tab ɗin ce ta riga mu gidan gaskiya 😂

Maman_Ilham:

Kai Sadeeq Allah ya shirye ka, ka sa ni dariya ni kaɗai a kicin. Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Na duba, X210 ce. Ummu Sultan maganar ƙurar nan ta taɓa ni don gidanmu bakin titi ne, ko tibi sai na goge sau biyu a rana. Amma kuma nawa autan mai cizo ne, rimot ɗinmu duk shatin haƙoransa ne, shi ya sa nake tsoron mai kumfar. Malam Baffa in na sa rigar mai tudun baki sai na ƙara da sikirin gad ko ta wadatar? Kuma batun zafin da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya kawo, ni ba zan iya cirewa da mayarwa kullum ba gaskiya, ga shi an ce hakan na sa ta saki.

Baffa_MaiGyara:

Ki ƙara Hajiya, riga kusurwa take karewa, amma in tab ta kifa a kan dutse ko ɗan mukulli ko auta ya ƙwala mata cokali ba ruwan riga, gilas ɗin sama ne zai ɗauki dukan ya fashe a canza shi da kuɗi kaɗan. Sai dai a fara liƙa gilas ɗin sannan a saka rigar a gabanki, don wata rigar bakinta na shigowa ciki sosai sai ya dinga tura gefen gilas ɗin, ki ga iska ta shiga ta kusurwa ya fara ɗagowa. In kin ga haka tun a shagon a canza ɗaya daga ciki.

Tunda naki mai cizo ne ga kuma ƙura, ki nemi irin mai hawa biyu, roba mai tauri a ciki silikon a waje, ba ta zaruwa da sauƙi a hannun yaro kuma yawanci tana da abin jingina a baya, sai dai ki buɗe shi ki rufe sau uku-huɗu ki ji ƙarfinsa don shi ne ke fara karyewa. Zafi kuma ba sai kin cire kullum ba, ki dai hana su kallo tana kan caji, kada a yi cajin a kan katifa ko ƙarƙashin filo, kada a bar ta a mota da rana. Ki sa ta a caji da daddare ko da asuba a kan tayil in an kawo wuta. Wata-wata ki cire ki kakkaɓe yashin da ke shiga tsakanin riga da bayan tab ɗin, don shi ne ke goge fentin ya bar ɗigo-ɗigo.

Maman_Ilham:

To shi ke nan, Asabar in Allah ya kai mu zan sa babansu ya kai ni da tab ɗin da cajar duka. Ilham ta leƙo tana karantawa ta bayana wai ita dai a sayo mai ruwan hoda, na ce mata sai abin da muka samu mai kusurwa.