Zare: mu kira shi "tsarin rufin asiri"

'Yan uwa, mun ɗora wa kalmar "tallafi" kayan da suka fi ƙarfinta. Kuɗin fetur da Shugaba Tinubu ya ce an cire ranar 29 ga Mayu 2023, tallafi. Shinkafar da aka raba bayan nan, tallafi. Naira 25,000 da aka ce za a tura wa gidaje miliyan 15 har wata uku, ita ma tallafi. To abin da Turawa ke kira "social safety net" fa?

Abin nufi shi ne tsari tsayayye, mai doka da kasafi, wanda zai tare gida kafin ya durƙushe idan maigida ya rasu, ko aiki ya tsaya, ko ciwo ya kwantar da mai nema. Iyalan ma'aikatan masaƙun Kakuri da aka rufe a Kaduna sun san ciwon rashinsa.

Wasu sun ce "ragar tsira". Bahaushe in ya ji raga, kifi zai tuna ko ƙwallo. "Rage raɗaɗi" kuwa ya dace da rabon rana ɗaya kawai.

Ni dai na tsaya a kan "tsarin rufin asiri". Duk mun san mai rufin asiri: ba shi da dukiya, amma ana ɗora tukunya a gidansa, yaransa na zuwa makaranta, ba ya roƙo. Nan ake so a tsayar da kowane gida, na Rigasa ne ko na Sabon Tasha, ba tare da an tambayi yarensa ko inda yake ibada ba.

Kuma sunan zai riƙa kama mu da kansa. A jera zawarawa a rana tun safe, kowacce rungume da ƙullin shinkafa da taliya biyu, a ce ta ɗaga sama a ɗauki hoto, wa zai iya kiran wannan rufin asiri? Tonon asiri ne, kuma yana ci mini rai.

Wani dattijo ya ce mini rufin asiri na Allah ne. Gaskiya ne, Baba, amma ta hannun bayinsa yake zuwa, kuma dukiyar da ke hannun hukuma ta jama'a ce.

Malaman Hausa da 'yan jaridar Kaduna, ku gwada ta a jimla: "Majalisa ta ware kuɗi don tsarin rufin asiri." In ta yi muku nauyi a baki, ku kawo taku mu auna.