Faladiyom da wutar da aka daɗe ana jira

Alhaji Sani: Salamu alaikum. Wani yaro a Ƙofar Ƙaura ya matsa mini in zuba kuɗi a hannun jarin kamfanonin haƙar faladiyom, wani ƙarfe mai tsada. Wai kol fiyushon, wato samar da makamashin nukiliya da faladiyom ba tare da tsananin zafi ba, ta kusa tabbata, farashi zai yi tashin gwauron zabo. Ya kuka gani?

Malam Bashir: Alhaji, tun 1989 ake cewa ta kusa. Ranar 23 ga Maris na shekarar, wasu masana kimiyya biyu, Fleischmann da Pons, suka tara 'yan jarida a Jami'ar Utah ta Amurka, suka ce sun tsoma faladiyom a ruwa mai nauyi, wani ruwa na musamman da ake aikin nukiliya da shi, sun jona lantarki, zafin da ya fito ya zarce wutar da suka sa. Wai ƙwayoyin zarra ne suka haɗe cikin kwalba, irin abin da ke faruwa a cikin rana da taurari saboda tsananin zafi. Manyan jami'o'i suka gwada, shiru kake ji. Ma'aikatar makamashin Amurka ta duba a 1989, ta sake a 2004, ba ta gamsu ba.

Nura: Amma Malam, ruwa ba ya tsami banza. In shirme ne, me ya sa gwamnatinsu ta ware dala miliyan 10 don binciken a 2023?

Malam Bashir: Google ma ta kashe kusan hakan, a 2019 masananta suka ce ba su ga komai ba. A biya kuɗin neman abu daban, a same shi daban.

Usman Bakanike: Ranka ya daɗe, faladiyom ɗin nan ai ni nake taɓa shi. Yana cikin indomin salansa, wannan mai ramuka kamar saƙar zuma da ɓarayi ke yankewa. Mafi yawansa can yake tafiya, motocin fetur.

Hajiya Binta: Shi ya sa. A Maris 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren, oza ɗaya, wato wajen giram 31, ta haura dala 3,000, don Rasha da Afirka ta Kudu ne ke riƙe da kasuwar. A 2024 ta faɗo wajen 1,000, ga motocin lantarki na ƙaruwa. Wannan ne lissafin, ba kwalbar Utah ba.

Nura: To in wata rana ta tabbata fa, Hajiya? Mu ciji yatsa?

Malam Bashir: Wasu masu da'awar ma sun koma kan wani ƙarfen, nikel. Ko ta tabbata, wa ya ce faladiyom za ta ci?

Nura: Ni dai ban sauka ba.

Alhaji Sani: Bari in kira yaron, ya fara gaya mini nawa shi ya zuba.