Ruwan Yamai: na hukuma ko na ɗan kasuwa?

Dattijon Yantala:
Bismillahi, na buɗe zancen ruwa,
Ku amsa da baiti, yara da manyan unguwa.
A 2001 aka raba kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, biyu, kun tuna kuwa?
SPEN ta hukuma ta riƙe kadara, SEEN ta 'yan kasuwa ta ɗauki rarrabawa.
Kamfanin Veolia na Faransa ya riƙe kashi 51 cikin ɗari na SEEN, ba ɓoyewa,
A 2024 NDE ta hukuma ta amshi aikin SEEN, yanzu ƙasa ke riƙewa.
Ni na yi murna, kogi na Allah ne, ba hajar kasuwa.

Matashin Bukoki:
Baba, ranka ya daɗe, ban ƙi ta taka ba,
Amma ɗan kasuwa in bututu ya fashe ba zai yi barci ba,
Don ruwan da ya malale bai shiga aljihunsa ba.
Tsorona ɗaya ne, ban kuma ɓoye shi ba:
Wa zai yanke wa ofishin manya in ba su biya ba?

Inna ta bayan gari:
Malam da ɗana, kuna da famfo a gida kuna jayayya,
Mu nan sai ɗan garuwa da kurarsa bisa hanya.
In bazara ta kama, Afrilu ta yi tsanani, wayyo Allah, wuya!
Ƙarfe uku na dare ɗiyata na layi da bido, ga gajiya,
Da safe ta tafi lakkwal tana gyangyaɗi gaban malamiya.
Mai kwanta ta awon ruwa ya sha da araha, mu da tsada, ina gaskiya?
Mai neman riba ba zai ja bututu gidan talaka ba ko ɗaya.

Matashin Bukoki:
Inna, Allah ya huci zuciyarki, ki yi mini gafara,
Jan bututu tun farko aikin SPEN ne, ita ke da kadara.
Hukuma ce, ita ya kamata mu yi wa ƙara.

Dattijon Yantala:
To yanzu duka biyun a hannunta suke, yaro,
Ba Bature a tsakani, sai mu tambaye ta ba tsoro.

Inna ta bayan gari:
To ku tambayo mini ita, ku da kuka yi karatu:
Ruwan matatar Gudel yaushe zai iso layinmu a bututu?
A kafa mini kwanta, duk wata in biya, ɗiyata ta samu hutu.