Bushiya da naman kazan gindin itace: ina ajinsu, wanne ke bukatar kariya?

Ɗalibi daga Tibiri: Assalamu alaikum malamai. An ce mana abin nan mai kama da faifai da ke fitowa a gindin tsohon dogonyaro ba tsiro ba ne. To mene ne? Kuma tsakaninsa da bushiya, wanne ya fi shiga haɗari?

Malamin kimiyyar halittu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya aka faɗa maka. Tun 1969 wani masanin kimiyya mai suna Whittaker ya ware wa naman kaza daular kansa, wato babban rukuni na daban a cikin halittu, domin ba ya haɗa abinci da hasken rana, ruɓar da itace yake yi ya tsotse. Ma fi ban mamaki, ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Mai tauri da ƙyallin ja galibi Ganoderma ne. Faifan da ka gani wurin zubar da iri ne kawai, ainihin jikin zarurruka ne a cikin itacen.

Bushiyarmu kuwa a sunan kimiyya Atelerix albiventris ce, dangin Erinaceidae, mai shayarwa, yatsu huɗu a ƙafar baya. Kada ƙaya ta ruɗe ka ka haɗa ta da beguwa, ita beguwa dangin ɓera ce.

Ma'aikacin gandun daji: Malam ya gama da aji. Ni zan ƙara cewa ruɓar iri biyu ce. Idan cikin itacen ya yi fari, laushi kamar soso, farar ruɓa ce, aikin Ganoderma ke nan. Idan ya yi ja-ja yana tsagewa gida-gida, wani iri ne daban. Ɓalle faifan ba ya warkar da komai, lokacin da ya fito ɓarna ta yi nisa a saiwa. Itacen da ke kusa da ɗaki ko rumfar kasuwa a duba shi kafin iskar farkon damina. Masu sassaben zamani, wato manoma masu rage rassan itatuwan gona don su raine su, su yi yanka mai santsi da wuƙa mai kaifi, ta rauni irin naman kazan yake shiga.

Wata malama: Batun haɗari, IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa bushiyar nan a jerin waɗanda ba a damu da ƙarewarsu ba tukuna. Amma wutar daji, maganin ƙwari da motocin dare na cinye ta, alhali ƙwarin gona take ci. Naman kaza kuwa, cikin nau'i sama da 150,000 da aka sani, ɗan abin da ya haura 1,000 IUCN ta tantance haɗarin ƙarewarsu zuwa 2025. A bar kututture ɗaya da tarin ganye a gefen gona, dukkansu biyu za su samu wurin zama.